Saminu Kafinta da Tankar Surukinsa

Saminu kafinta ba ya barin magana ta wuce. Ko a zaman makoki wani ya ce mamacin ya yi shekara tamanin, sai ya ɗago kai ya ce, "Wa ya faɗa maka?" Bai taɓa ɓoye wannan hali ba, bai kuma taɓa neman magani ba. Shagonsa na nan kusa da rijiyar Kusugu a Daura. Ƙofar da ya yi ba ta karkacewa, bakinsa ne dai ke kore masa mutane.

Da guntayen katako yake sassaƙa ƙananan tankokin yaƙi, kowace ba ta fi kwalin ashana ba. Bayan la'asar sai ya zuba yashi a kan faffaɗan tebur, ya yi tudu da kwari, magidanta su kewaye a raba runduna biyu. Da rula ake auna tafiyar kowace tanka, ɗan ludo kuma shi ke yanke ko harbi ya samu. Amma ƙa'idar kowace tanka daga ta gaske ake ɗauko ta: gudunta, kaurin ƙarfenta, ƙarfin bindigarta. A nan fitinar take.

Waya cike take da bayanai, kuma yawancinsu shara ne. Wannan shafi ya faɗi abu, wancan ya saɓa masa, wasu goma su haɗa baki, in ka duba sai ka ga juna suka kwafa har da kuskuren rubutu. Saminu ya sha buga wayarsa a kan benci. "Ko hadisi sai an ce daga wane, daga wane," yake cewa, "amma ƙato ya zauna ya rubuta kaurin ƙarfen da bai taɓa shafawa ba!" Shi ba ya karɓar awo sai daga littafin waɗanda suka ƙera tankar, ko hoton gidan tarihi da aka ɗora ma'auni a jikin ƙarfen.

Sai ga surukinsa, Saje Kabo, uban matarsa Murjanatu, ya zo daga Mai'adua. Tsohon soja ne. Ya tsaya a bakin tebur, ya ɗauki wata tanka ƙirar Rasha da ake kira T-55, ya daɗe yana juya ta a tafinsa. Ya ce, "Irin wannan na tuƙa."

Yazid mai gyaran waya, wanda da wannan tankar yake wasa kullum, ya yi wuf ya ce, "Baba Saje, ya kaurin gabanta?"

Tsoho ya ware yatsunsa ya auna a kan tebur. "Ɗani biyu. Gudu kuwa, ba ɗan acaɓar da zai kamo ta."

Yazid ya tafa. "Shi ke nan! Ganau ya faɗa, jiyau sai ya yi shiru."

Ya san abin da yake yi, munafukin. Kowa a Daura ya san ba a musa wa suruki. Ko abinci ba ka ci a gabansa, ko sunansa ba ka kamawa, balle ka ce ya yi kuskure. Saminu ya haɗiye. Aka sauya ƙa'ida, tankar Yazid ta zama aljana: ba harbin da ke huda ta, ba mai tsere mata. Wasa ya lalace, Yazid na ci yana dariya, Saminu na huci kamar zugazugi.

Ya koma kan waya har ya samo littafin masu ƙirar da wani ya ɗauka a hoto. Kaurin gaban bai fi faɗin tafin hannu ba sosai. Mai hankali da sai ya jira tsohon ya koma gida. Saminu bai jira ba. A gaban kowa ya miƙa wayar ya ce, "Baba, ba haka ba ne. Ko ɗani ɗaya ba ta kai ba."

Saje Kabo bai dubi wayar ba. Ya ajiye tankar, ya gyara hularsa, ya tsai da mai babur.

Murjanatu ta daina yi wa Saminu magana, sai dai ta dire kwano ta juya. Ranar da ta buɗe baki cewa ta yi, "Saboda guntun katako ka ƙaryata ubana a titi? Malam, ka auna ƙarfe, ba ka auna furfura ba." Abokan wasan da suka ingiza shi kuwa duk suka zame, su ne kan gaba wajen cewa ba ya da kunya.

Ya je Mai'adua, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa. Tsoho ya ce, "Ka janye?"

"Baba, na yi laifi da na faɗa cikin mutane. Amma awon yana nan."

"Kai a waya ka gan ta," in ji Saje Kabo. "Ni a cikinta na zauna ana ruwan wuta. Da ban yarda ɗani biyu ce ba, yaro, da ban shiga ba. Tashi ka tafi."

Saminu ya dawo Daura. Ƙa'idar ɗani biyu dai bai yarda da ita ba, kuma har yau Murjanatu dire kwano take yi. Da 'yan wasa suka sake taruwa, bai zuba yashi ba. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Yazid.

"Ku da kuka haɗa ni da shi, ku je Mai'adua ku ba shi haƙuri, ni ba ya son ganina. Ku roƙe shi ya dawo ya faɗa mana yadda zafin cikin tankar yake, da abin da direba ke iya gani ta 'yar tagar gabanta, don ba littafin da ya faɗa mini. Amma don Allah, kada wanda ya sake tambayarsa awo."