Danni Bakwai na Baba Mai Inji

Baba Mai Inji bai taɓa barin mutum ya ƙarasa magana ba, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Kana tsakiyar bayani zai ce, "Na gane, na gane," ya ɗauki hularsa ya yi gaba. In matarsa ta yi ƙorafi, sai ya ce wanda ya shekara talatin da huɗu a gaban injin niƙa bai saba da dogon zance ba. Ba mugu ba ne. Gaggawa ce ta yi masa yawa, ko shayi a tsaye yake sha.

Da ciwon gwiwa ya sa ya sayar da injin, shirun gida ya hana shi sakat. Autarsa ta saya masa waya da 'yar sifika marar igiya, ta zuba masa waƙoƙin zamaninsa. Mutanen gidan sun ɗauka nishaɗi yake yi, ba su san kunnensa yake gwadawa ba. Yayansa, wanda suka yi aikin injin tare, ya kurmance kafin ya kai sittin, kuma Baba ya ga yadda aka daina sa shi a hira. Saboda haka kowace safiya yakan ɗora sifikar a kan taga, ya rage sautin wayar har ƙasa, ya danna maɓallin ƙari sau bakwai, ya je bakin ƙofar ɗaki ya tsaya. In ya ji kalmomin waƙar, to kunne yana nan.

Wata Talata ya danna bakwai, ya tsaya a bakin ƙofa, bai ji komai ba sai ƙus-ƙus.

Ya sake ƙirgawa. Ya kashe wayar ya kunna. Ya sa sifikar a caji, ya cire bayan minti biyu. Ya hura ramukanta, ya goge ta da gefen riga, sannan ya buga mata tafin hannu kamar yadda yake yi wa injin in ya shaƙe.

"Malam, kashe ta za ka yi?" in ji matarsa daga tsakar gida. "Ai jiya da nake salla na..."

"Na gane, na gane."

Ya riga ya kai titi. Bai tambaye ta ko ita tana jin waƙar ba, don yana tsoron ta ce tana ji sarai.

Mai gyaran waya na farko ya ce a bar masa zuwa jibi. Baba ya fizge kayansa. Na biyu wani ƙaton mutum ne mai sanyin jiki, a wani shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, teburinsa cike da fasassun gilasan waya. Ya karɓi wayar ya rufe ta da tafinsa.

"Baba, zauna."

"A tsaye nake ji."

"To ni kuma ba na gyara wa na tsaye. Ga benci."

Baba ya ɗosana, ƙafa ɗaya tana rawa.

"Sautin nan biyu ne," in ji mai gyaran. "Waya tana da nata, sifika tana da nata. In aka rage na sifika, ko ka danna na waya har yatsanka ya kumbura..."

"Na gane."

"Ba ka gane ba, Baba, ban gama ba. Wayarka tana hannuna."

Ya raba wayar da sifikar, ya sake haɗa su ta bulutut, haɗin nan marar igiya. Ya leƙa cikin manhajar waƙa ya ga ba a taɓa komai ba. Sannan ya juya sifikar, ya nuna masa wani ɗan maɓalli a gefe, ya danne shi har ta yi ƙara ɗaya.

"Wani ne ya rage ta a gida. Shi ke nan ciwon."

Baba ya miƙe, ya je bakin ƙofar shagon ya juya baya. "Mai da na wayar ƙasa. Danna sau bakwai. Kada ka ƙara ko ɗaya."

Waƙar ta tashi. Ya ji kiɗan, ya ji kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ya sauke numfashi, har ya fara gyaɗa kai.

"Bakwai?" Mai gyaran ya toshe kunne ɗaya yana dariya. "Baba, ai har telan ƙetaren titi ya fara rawa. Kullum a haka kake ji? Maƙwabtanka masu haƙuri ne."

Baba ya karɓi kayansa ya fita. Shi ya san bara sau biyar yake dannawa, kuma ranar da aka kawo wayar huɗu ma ta ishe shi. Shi da kansa ya riƙa ƙara ɗaya, in ya ƙara sai ya ce sifikar ce ta tsufa.

Bai hau mota ba, duk da gwiwar. Ya tako har gida, yana kasa kunne ga kowane babur da ya wuce, yana lissafin daga ina ya fara jinsa. Ya tarar da matarsa tana shanya, autar kuma ta zo gaisuwa.

"Ni na rage ta," in ji matar. "Ƙarar ta hana ni sanin raka'a nawa na yi. Da ka tsaya da ka huta da yawo."

"Baba, Inna ta ce ka mari sifikar," in ji autar. "Me ta yi maka?"

Ya ajiye sifikar a kan taga, ya cire hula, ya sake sawa.

"Ku biyun, ku saurara. Kunnen nan ya fara tafiya. Auta, ki nemo mini likitansa cikin makon nan, ba na jibi ba. Daga yau kuma duk mai magana da ni ya zo ta gabana, inda zan ga bakinsa. Kada wanda ya yi mini ihu. Ku gaya wa sauran."