Sirara Biyu a Aljihun Baba

Liman na sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da Baba, daga ƙauyenmu na gefen Wurno zuwa birnin Sakkwato. Kayanmu duka ƙunshi ɗaya ne: injekta huɗu na injin ban-ruwanmu, naɗe cikin tsohon zanen Inna. Su ne ƙarafan da ke fesa man gas cikin inji. Tun da Baba ya kwance su ya wanke, injin ya kama tari da baƙin hayaƙi, ya kasa jan ruwa. Kwana uku ke nan shinkafarmu ta rani ba ta sha ba, ga shi ta yi ciki, tana shirin fidda kai. Kowa a fadama ya san shinkafa ba ta yafe ƙishirwar wannan lokaci.

Ba wanda ya gayyace ni. Ni na roƙa, don ina son in ga irin likitan da ke duba ƙarfe.

Motar da muka samu an cika bayanta da buhunan albasa da tafarnuwa, har ƙanshin ya shige mini mayafi. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, direba kuma ya ce mu tuhumi gidan mai. Hanya akwai daɗi a wasu wurare, a wasu kuwa sai ka riƙe haƙoranka. Ta taga ina kallon fadama shar, jakai na tafe da kaya ba mai kora, kamar sun fi mu sanin inda za su. A Achida muka tsaya, na sayi masa mai zafi. Baba bai ci ba. Ya rungume ƙunshinsa a cinya, idonsa na kan gonakin mutane masu ruwa.

Hantsi ya ɗaga muka shiga gari, zafi ya riga mu isowa. Muka hau keke mai ƙafa uku, wanda mutanen birni ke kira agwagwa da buje, ya ratsa da mu tsakanin masu kankana da 'yan kabu-kabu har wajen Ƙofar Kware. Na zaci garejin mai gyaran injekta zai zama wurin hayaniya da baƙin mai. Sai ga ɗan ɗaki a share tas, da tebur mai farin ƙyalle, da wani dattijo mai tabarau wanda ya sa muka kakkaɓe ƙafa kafin mu shiga. Ya ce ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe injekta.

Na'urar gwajinsa ba ta da wani kwarjini: famfon hannu ne, da ɗan bututu, da agogo mai allura ɗaya. Ya ɗaura injekta na farko, ya danna hannun famfon a hankali. Allura ta hau, ta hau, tun ba ta yi nisa ba mai ya ɗigo daga bakin kamar hancin mai mura. Na biyu ma haka. Na uku kuwa ya ƙi buɗewa sai da allura ta wuce na sauran nesa.

Dattijon ya cire tabarau ya dubi Baba. "Alhaji, wa ya taɓa su?"

"Ni ɗan wanke su na yi da kananzir."

"Kwano guda ka zuba su duka?"

"To, kwano nawa za a ɓata?"

Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya kwance ɗaya ya nuna mana cikinsa. Akwai allurar ƙarfe da ke toshe ƙofar mai, da sifirin mai danne ta, a kan sifirin kuma wasu 'yan faya-fayan ƙarfe sirara kamar ɓawon albasa, waɗanda yake kira shim. Kowane injekta da nasa adadin. In an ƙara kaurinsu, sifirin ya yi tauri, sai mai ya matsa sosai kafin ƙofa ta buɗe. In an rage, ƙofa ta buɗe tun mai bai yi ƙarfi ba. Baba ya haɗe na huɗun wuri guda, ya raba musu yadda ido ya ba shi.

Sai Baba ya sa hannu aljihu ya fiddo takardar goronsa, ya warware. Ga sirara biyu kwance kusa da goron.

"Waɗanga su sunka yi saura," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Saura! Alhaji, Bature shina sa saura cikin inji?"

Kafin ya fara saiti ya tambaya ko injin namu mai tobo ne. Baba ya ce shi dai ya san akwai wani abu kamar katantanwa a gefensa, mai fito in aiki ya yi zafi. Na buɗe wayata na nuna hoton da na ɗauka na farantin lambobin injin. Dattijon ya duba, ya jawo wani littafi da mai ya rina, ya sa yatsa kan layi biyu. Inji iri ɗaya, amma lambar da allurar agogo za ta kai kafin mai ya fito, ta mai tobo ta fi ta marar tobo. Na tambaye shi dalili.

"Ɗiyata, katantanwar ga iska take cusawa ciki da yawa. Ɗaki in ya cika da mutane, mai shiga sai ya yi ƙarfi. Man da ya taho da sanyin jiki ba shi ratsawa, sai ya ƙone rabi, sauran ya hita baƙi."

Daga nan aikin haƙuri ne. Ya auna siriri, ya sa, ya ɗaure, ya danna, ya dubi allura, ya girgiza kai, ya sake kwancewa. Wani sai da ya yi masa haka sau biyar. Da na farko ya daidaita, sai ya yi wata ƙara, ƙirrr, mai ya fito kamar hazo, hasken taga ya ratsa shi ya yi launuka. Ban san sanda na miƙa hannu ba. Ya buge mini shi da sauri. Ashe hazon nan mai taushin gani yana huda fata ya shiga jini.

Sai bayan azahar huɗun suka buɗe a lamba ɗaya. Muka sha fura a bakin masallaci, Baba ya shanye tasa ya ƙara da rabin tawa. A hanyar dawowa barci ya kwashe ni, ban farka ba sai da muka wuce Achida.

Ko gida ba mu biya ba, fadama muka zarce. Ganyen shinkafa ya fara naɗewa, ƙasa ta tsattsage. Baba ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, ya yi bisimilla, ya tayar. Injin ya yi tari sau biyu, ya saki baƙi kaɗan, sannan muryarsa ta daidaita. Bututu ya yi gyatsa, ruwa ya ɓulɓulo.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai fi kaurin ɓawon albasa ba: abin da ba ka san aikinsa ba, kada ka ce saura ne. Kwalin can na ƙarshe, wato fangalin shinkafar da ke kan tudu, mun makara, ya riga ya yi fari. Sauran kuwa na tsaya ina jin ƙasa na shan ruwa, tana 'yar ƙara kamar mai tsotsar rake, har aka kira magariba.