Yadda Na Hana Baba Gambo 'Yan Dubiya

Cikin shekara talatin da ɗaya da na yi ina masinja, ranakun da suka maƙale mini a kai ba su da yawa, domin kan nawa ma ba wani babba ba ne. Amma ban manta da wata Litinin ta daminar 1978 ba, ranar da aka tura ni aiki gidan mahaifin ogana a Rikkos. Tunda ku 'yan baya kun matsa in ba ku labari ɗaya daga aikin, to ga shi, a yi haƙuri da rubutun, daga baya na samo shi a ajin yaƙi da jahilci.

A lokacin ina masinja mataki na biyu a wata ma'aikatar gwamnatin jiha a nan Jos, wato in aka cire mai shara, daga ƙasa sai ni. Karatuna aji biyu ne na firamare, na biyun ma sau biyu na yi shi. Fayil da launinsa nake gane shi, sai kuma nauyinsa. Aikin namu kashi biyu ne: kai fayil daga tebur zuwa tebur, da tsaron ƙofar oga. Baƙo in ya zo, ya rubuta sunansa a 'yar takarda, in shigar, amsa kuma uku ce: ya shigo, ya jira, ko oga ba ya nan. Idan oga ya ce yau ba ya ganin kowa, ko takardar ba a shigarwa. Ka sallami mutum da fara'a, kuma ba ka komawa ciki ka ce wane ya zo, tunda don kada a dame shi aka ajiye ka. A wannan fanni na ƙware, har akawuna suka daina kirana Ɗanladi, sai Ba-ya-nan.

Ogana Malam Sani ne, mataimakin sakatare, mutum mai son a bi doka. Ran nan ya kira ni ya ce an yi wa Babansa aikin ƙaba, an sallamo shi jiya.

"Likita ya ce ya huta mako biyu. Ba ɗaukar kaya, ba tafiya mai nisa, ba dariya mai ƙarfi, kada ɗinkin ya buɗe. Ka san mutanenmu da dubiya. Za ka zauna a zaure, babu namijin da zai shiga. Ka gane?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko limami?"

"Ko limami."

Na hau keken ofis na nufi Rikkos da kakina a goge.

Baba Gambo tsohon dillalin shanu ne, ya kai saba'in. Ɗakinsa na can cikin gida, tagarsa na kallon akurkin tattabarunsa. Matarsa, da kowa ke kira Inna, ita ke jinya. Kwana biyun farko gidan ya tafi daidai kamar agogo. Da safe Inna ta dama kunun gyaɗa, ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta goge masa jiki, saboda sanyin Jos da damina ba ya barin mai ɗinki ya yi wanka a fili. Ni kuma in watsa wa tattabaru dawa, Baba yana ba ni umarni ta taga. Kowace tattabara da sunanta, kuma kowace yana da abin da yake zarginta da shi. Da hantsi nas ta zo ta duba ciwo. Da rana faten dankali, sai ya kunna rediyo ya yi musu da mai karanta labarai. Bayan haka ba abin da ya rage masa sai kallon rufin kwano yana yoyo a kusurwa.

Ni kuwa a zaure aiki ya kankama. Mahauta suka zo, na ce Baba yana hutawa. Dillalai suka zo daga kara, kasuwar shanu, na ce Baba yana hutawa. Limamin unguwa ya zo da mutum huɗu, na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, na ce Baba yana hutawa. Ardo Buba ya taho daga rugarsu ta bayan titin Bauchi da ƙwaryar nono, ya tsaya cikin ruwa yana kallona, na karɓi ƙwaryar na yi masa godiya a madadin iyali. Abin da aka kawo in miƙa wa Inna ta bakin ƙofa, ita kuma tana zaton Malam Sani ne ke aikowa. Mata kam ba a ba ni umarni a kansu ba, su wuce ni su shige wurin Inna.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Okoro, wani Inyamuri mai sayar da kayan keke a Kwararafa. Shi ne abokin darar Baba. Na ji an ce tun kafin yaƙi suke yi kowace la'asar a gindin wani mangwaro, yaƙi ya raba su, da ya dawo suka ɗora daga inda suka tsaya, har da musun wanda ke kan ci. Kullum sai ya zo, kullum in sallame shi.

"Masinja, wannan ba ofis ba ne fa," in ji shi. "Baba ta san na zo?"

Na ce, "Komai yana bisa tsari."

Wannan amsa na koye ta a ofis, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Kowace yamma kafin in tashi, sai in leƙa in yi wa Baba sallama. Ya ce, "Ɗanladi, ya gari?" In ce lafiya lau. Ya ce, "Babu labari?" In ce babu, Baba. Ya gyaɗa kai ya juya fuska bango. Ni a zatona barci yake ji, har ina yaba wa kaina cewa hutun yana kama shi.

Ran kwana na huɗu ya bar rabin kunu. Na biyar ko cokali bai taɓa ba. Na watsa wa tattabaru dawa, taga a rufe, ba wanda ya ce na yi ba daidai ba. Rediyon ma ya yi shiru. Inna ta yi fate, ta yi farfesun kaza, ta yi tuwon acca mai laushi, duk suka dawo yadda suka shiga. Ran Asabar nas ta kira Malam Sani gefe, ina jin su daga zaure. Ta ce ciwon ba laifi, amma jikin da ba ya cin abinci ba ya haɗe ɗinki. In bai ci ba zuwa Litinin, sai a mai da shi asibiti a yi masa ƙarin ruwa. Malam Sani ya tafi kanti ya jido madarar gwangwani da biskit, ya kuma ƙara ja mini kunne cewa yanzu ne ma ya kamata a tsananta tsaron ƙofa. Na ce an gama, ranka ya daɗe.

Lahadi ba ranar aiki ba ce, amma na je, domin a gidan ana ba ni abincin rana. Bayan azahar Inna ta ce Baba na kirana. Na same shi a kwance, ya rame, idanun sun faɗa.

"Zauna, ɗan nan. Tattabarun nan, ka kai su kasuwa gobe. Ko ka ɗauka na ba ka."

Na ce, "Haba Baba, ai kai ma ka san ba sa jin maganata."

Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Shekarata arba'in a unguwar nan. Ba wanda ya kwanta ciwo ban je na duba shi ba. Har rugar Ardo na taka da ƙafa lokacin da saniya ta take shi. Okoro da ya dawo daga yaƙi ba shi da ko tabarma, a zauren nan ya kwana wata uku. An yanka ni an ɗinke, yau kwana bakwai ina kwance a gida, ina jin muryoyin mata suna shige da fice, amma namiji ko ɗaya bai leƙo ya ce mini sannu ba. Ashe dai tun ina raye an gama da ni. To abincin me zan ci?"

A nan ne kan nawa, duk da ƙanƙantarsa, ya yi aiki. Na ga abin da na aikata, na kuma ga cewa in na faɗa, ko dai tsohon nan ya tashi ya shaƙe ni ɗinki ya buɗe, ko ɗansa ya kore ni gobe. Na duba kwanon faten da ke gefen gado, har ya yi sanyi ya daskare. Na ce, "Baba, sun zo. Ni na kore su."

Ya ce, "Kada ka lallashe ni, ni ba yaro ba ne."

Da ina da rubutu da na nuna masa takarda. To masinjan da bai iya karatu ba, kansa ne rajistarsa. Na gyara zama na fara daga Litinin. Na ce sarkin fawa ya zo da hantsi da shuɗiyar riga, ya kawo hanta a ganye. Malam liman ya zo da mutum huɗu, ya yi addu'a a tsaye a ƙofa, ya shafa. Wani dogo mai haƙorin Makka ya zo sau biyu, ya ce a gaya maka bijimin nan ya sayu. Ardo ya zo cikin ruwa ran Laraba, nonon da aka dama maka fura da shi nasa ne. Okoro kuwa kullum, jiya har ya kira ni ɗan iska da yarensu, ban ji ba amma na gane. Na lissafo mutum talatin da wani abu, ban tsallake kowa ba.

Baba ya ƙura mini ido. Can ya ce, "Mai haƙorin Makkan, hannunsa biyu ya zo?"

Na ce, "Ya kawo lemo bakwai."

"Huɗu na gani."

Na ce, "Tsaron ƙofa yana sa ƙishirwa, Baba."

Ya jawo matashin kai ya danne cikinsa da shi, kafaɗunsa na rawa don dariya, hawaye na zuba, yana cewa, "Fita, fita kafin ka kashe ni." Da na kai bakin ƙofa ya ce, "In wannan Inyamurin ya zo, ka shigo da shi. Kuma ka ce wa tsohuwar nan ta ɗumama faten."

Da la'asar Okoro ya iso da shirin faɗa, sai ya ga na miƙe na ce, "Bismilla, ana jiranka." Tunda Baba ba zai iya zuwa gindin mangwaro ba, na ari babban farantin Inna na cika shi da yashi, na ɗora a kan kujera kusa da gado. Okoro ya tona gurabu da yatsa, ya ɗauki duwatsu, Baba ya ɗauki tsinke. Ba su ma gaisa sosai ba.

"Ka rame," in ji Okoro. "Likita ta cire maka ƙaba ko ta cire maka wayo?"

"Zuba, kafirin banza, yanzu za ka gani."

Labari ya zaga unguwa kafin a yi wasa biyu. Na koma zaure na tsara abin yadda na iya: mutum bibbiyu, minti biyar biyar, kuma duk wanda na san shi da barkwanci in gargaɗe shi tun daga ƙofa cewa likita ya hana dariya, ya shiga da fuskar ta'aziyya. Wannan gargaɗi bai yi amfani ba, domin fuskar ta'aziyyar ce ta fi ba Baba dariya. Matashin kai dai bai bar cikinsa ba.

Wajen ƙarfe biyar motar Malam Sani ta tsaya. Ya ga takalma a jere tun daga zaure har ƙofar ɗaki, ya dube ni.

"Ɗanladi, me na ce maka?"

"Ka ce ko limami, ranka ya daɗe."

"To waye a ciki?"

"Limami ne, da Okoro."

Ya wuce ni a fusace, na bi shi a baya, tunda in za a kore ni gara in ji da kunnena. Muka tarar da Baba a jingine, cokali a hannun dama, tsinke a hagu, kwanon fate saura kaɗan. Malam Sani ya buɗe baki ya ce, "Baba, likita ya ce..."

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Sani, cire takalminka ka gaida Malam. In ka gama ka samo mini ƙarin faten nan wurin uwarka."

Mataimakin sakatare guda ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida liman, ya ɗauki kwano ya fita. Ran Litinin nas ta zo ta duba, ba ta sake ambaton asibiti ba. Bayan kwana shida aka cire zare.

Kada ku zaci na tsira. Na karya umarni, kuma Malam Sani mai bin doka ne. Da na koma ofis ya ba ni takardar tuhuma, wato a rubuce ake tambayarka dalilin da ya sa ba za a hukunta ka ba, ka amsa a rubuce cikin kwana ɗaya. Tunda ban iya karatu ba, shi ya karanta mini ita. Tunda ban iya rubutu ba, shi ya rubuta amsar, na dangwala yatsa. Ya karanta amsar ya ce ta gamsar da shi, ya sa ni na kai fayil ɗin ɗakin ajiya da kaina.

Abin da na koya shi ne, sunan aikin namu masinja, wato mai kai saƙo, amma ni shekara goma sha uku ina tare ƙofa ina haɗiye saƙon. Mutumin da ya tako ya zo, zuwan nasa ma saƙo ne, ko an bar shi ya shiga ko ba a bar shi ba, kuma na cikin ɗakin yana da haƙƙin ya sani. Tun daga lokacin, duk wanda na sallama, kafin a tashi sai na shiga na ce wa oga wane ya zo, ga abin da ya kawo shi. Ogogi shida na yi bayan Malam Sani. Dukansu sai su ɗaure fuska su ce ba su tambaye ni ba, amma ban ga wanda ya taɓa cewa in yi shiru kafin in kai ƙarshen sunayen ba.