Layin da Suka Rubuta a Takardar Sallamata

Shekara tara na yi ina aikin soja, amma layi ɗaya ya ishe su sallamata: wai ana zargina da neman maza. Hujjarsu ita ce ban yi aure ba, kuma wani tela daga unguwar Limanti yana yawan zuwa ɗakina.

Duk inda na je neman aikin gadi, da sun karanta layin sai su miƙo mini takardar da yatsu biyu. Don haka na rubuta wa hukumar soja ƙorafi, aka sa mini rana.

Mutum uku na tarar a bayan tebur. Babbansu, wani mai tumbi da bai san ƙarar harsashi ba sai a filin atisaye, yana ɓare gyaɗa a kan fayil ɗina.

Ya ce, "Kofur, mene ne tsakaninka da telan nan?"

Na ce, "Yallaɓai, ranar da na goyo wanda aka harba daga bakin daga, ba wanda ya tambaye ni wa ke zuwa ɗakina. Ban zo a maida mini kaki ba. Layin nan kawai nake so a cire."

Wanda ke kusa da shi ya ce in je in yi aure, in kawo hoton biki, sai a duba.

Bayan wata huɗu amsa ta same ni a unguwar Moduganari, gidan yayata. Sun gyara harafi ɗaya a sunana, sun bar sauran yadda yake. Yanzu walda nake yi a shagon mijinta, wanda bai taɓa neman ganin takardar ba.