Taron Ya Abatcha Bai Cika Ba

Yayana Abatcha mutum ne da bakinsa bai saba da "e" ba, bai kuma saba da "a'a" ba. Ni ƙanwarsa ce ciki ɗaya, sunana Hawwa, turaren wuta da humra nake sayarwa a nan unguwar Yerimaram ta Potiskum, saboda haka kada wani ya ce sharri nake masa. Tun muna yara, idan mahaifinmu ya dawo daga Maiduguri da huluna biyu ya ce ya zaɓi ɗaya, sai ya yi ta jujjuya su a hannu har a kira magariba. Ƙarshenta ni nake fizgar ɗaya in kifa masa a ka.

Da ya girma sai Allah Ya haɗa shi da aikin da aka halitta dominsa. Ya samu aikin masinja a ofishin magatakardan wata jami'a, ba sai na faɗi sunanta ba. Shi ne mai buɗe ɗakin taro, ya jera kujeru, ya zuba shayi, sannan ya koma bayan ƙofa ya naɗe hannu. Ya yi kusan shekara talatin a bayan ƙofar nan, kunnensa a buɗe. Duk hutun da ya zo Potiskum sai ya zaunar da mu ya karanta mana yadda ake mulkin jami'a, ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba. Wai akwai uban jami'a, shi sai ranar yaye ɗalibai ake ganinsa cikin babbar alkyabba. Akwai majalisar gudanarwa mai kula da kuɗi da gine-gine da ɗaukar ma'aikata, akwai majalisar malamai mai kula da karatu da jarrabawa, ga shugaban jami'a a tsakani. Ƙarƙashin kowace majalisa kuma kwamitoci ne kamar 'ya'yan kaza. Amma abin da ya fi burge shi ɗaya ne.

"Hawwa," in ji shi, "a can fa babu mai ce maka a'a. In ba a son abu, kwamiti ake kafa masa."

Ranar da ya yi ritaya ya dawo gida, da akwatinsa da tukunyar shayi ta ƙarfe da aka ba shi kyautar sallama, ba mu san jami'ar ce gaba ɗaya ya ɗauko mana ba. Sati bai zagayo ba ya tara mu a zaure ya ce daga yau gidan nan zai bi tsari. Shi ne shugaba. Mambobi huɗu: matarsa Ya Fanne, da ni, da babban ɗansa Babakura mai lodin shanu a manyan motoci, da amininsa Bubayaro, dillali a kasuwar shanu, wanda ya kira "wakilin waje". Autarsa Mairam, lokacin tana sakandare, ita ce magatakarda: ta kira taro, ta zuba shayi, ta zauna a kan wata 'yar kujera gefensa, ba ta da ƙuri'a. Tsohuwarmu kuwa ya naɗa ta uban jami'a, don ya san kunnenta ya yi nauyi.

Dokokinsa biyu ne. Ta farko, ba a yanke komai sai duk mu biyar muna zaune. Ta biyu, shugaba ba ya ɗaga hannu, sai in ƙuri'a ta zo biyu da biyu, to a nan take zai raba gardama. Ya ce a shekarunsa na bayan ƙofa bai taɓa ganin an kai ga haka ba, shi ya sa shugabanni suke tsufa da mutuncinsu.

Wallahi mun ga abu. Ɗakin Ya Fanne ya fara yoyo farkon damina, aka tura maganar kwamitin gine-gine, wato Babakura shi kaɗai. Ya kawo rahoto cewa kwano ya hule. Aka kafa ƙaramin kwamiti ya gano ko ramin ƙusa ne ko tsatsa. Kafin a gano, damina ta wuce, Ya Abatcha ya tashi a gaban taro ya yi godiya ga Allah cewa matsalar ta warware kanta. Akuyar maƙwabta ta cinye masa zogale, ya miƙa ta ga kwamitin ladabtarwa. Akuyar nan ta haihu sau biyu, ba a kai ga sauraronta ba. Muna dariya muna biye masa, don mun lura tun da ya bar aiki hannunsa yake neman abin riƙewa, kuma shayin taron da daɗi.

Dariya ta ƙare ranar da Mairam ta samu gurbin karatun likitan dabbobi can Sakkwato. Yarinyar nan tun tana ƙarama in an kawo saniya mara lafiya ƙofar gidan Bubayaro, tana can tsugune tana kallon yadda ake ɗura mata magani. Ta ci jarrabawa da ƙyau, an kira ta, an ce a je a yi rajista kafin ƙarshen wata, wanda bai je ba a ba wani gurbinsa. Ta kai wa ubanta labari da rawar jiki. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Madalla. Za a gabatar wa majalisa."

Da na ji haka na dafe kai. Na san ramin da maganar ta faɗa.

Ya sa taro ranar Laraba da hantsi. Duk wanda ya san Potiskum ya san Laraba ranar kasuwar shanu ce. Ko gobara ake yi a gidansu, Babakura da Bubayaro ba za su baro kasuwar ba. Muka zauna mu uku, Mairam ta zuba shayi. Ya duba dama, ya duba hagu, ya duba agogo, ya ce cikin alhini kamar mai ta'aziyya, "Taro bai cika ba. An ɗage zuwa Laraba mai zuwa."

Larabar da ta zo, haka aka sake yi. Abin da ya ƙara ƙona min rai, yana rufe taron sai ya saka hularsa ya tari keke ya tafi kasuwar shanun, ya zauna a rumfar Bubayaro yana shan fura da mutanen da ya gama rubuta wa rashin halarta.

Na ja Mairam gefe na ce, "Ke, haɗa kayanki. Ni zan kai ki tasha, uwarki ta yarda, yayanki ya yarda. Kwamitin banza kwamitin wofi!"

Ta girgiza kai, idonta ya ciko. "Gwaggo, ni ba kwamiti nake jira ba. In Baba bai ce min je ki da bakinsa ba, ba inda za ni. Ko ku huɗun duk kun ɗaga hannu, cewa zai yi majalisa ce ta yanke, ba shi ba. Ba zan iya tafiya a haka ba."

Ka ji 'yar ubanta wajen taurin kai. Amma maganarta ta tsaya min a rai, na yini ina tuƙa turare ina juya ta. Washegari na aika wa Bubayaro a gida na ce ina son magana da shi. Muka yi ta a ƙofar gida, ba ta daɗe ba. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce da Hausarsa ta Fillanci, "Hawwa, ke kam Allah Ya tsare mu da ke."

Larabar ƙarshe kafin a rufe rajista, Ya Abatcha ya ɗage taronsa kamar kullum, ya saka hula ya fita. Muka ba shi ɗan lokaci. Sannan na ce wa Ya Fanne ta yafa mayafinta mai kyau, Mairam ta ɗauko tukunyar shayin nan ta ƙarfe da 'yar kujerarta, muka tari keke zuwa kasuwar shanu.

Kai, ranar na ga idanu. Shanu na kuka, 'yan lodi na ihu, ƙura da warin kashi, ga mata uku suna ratsa tsakanin ƙahoni da tukunyar shayi. Muka same shi ya miƙe ƙafa a kan tabarma, ludayin fura a bakinsa, Bubayaro a damansa, Babakura ya shigo shan inuwa a hagunsa. Na yi sallama na zauna. Mairam ta ajiye kujerarta gefensa.

"Lafiya?" in ji shi. "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu, Ya Abatcha. Ƙirga mu."

Ya ƙirga da ido. Furar ta sarƙe shi.

"Hawwa, nan kasuwa ce. Ba a taro a kasuwa."

"Cikin dokokinka biyu, wacce ce ta ce sai a zaure?"

Dillalai sun fara matsowa, wani ma ya saki cinikin bijimi ya zo kallo. Mutumin da ya shekara yana yi musu wa'azin tsari a rumfar nan ba zai iya karya tsarinsa a gabansu ba. Ya gyara zama, ya ture ƙwaryar furar, ya ce da muryar ofis, "An buɗe taro."

Ya gwada dabararsa ta ƙarshe, wai a kafa ƙaramin kwamiti ya je Sakkwato ya duba ɗakin kwanan ɗalibai. Ya Fanne, wadda ba ta cika magana a gaban maza ba, ta ce, "Malam, kwamitin da ya duba min kwano ne zai je?" Rumfar ta ɗauki dariya. Dole ya kira ƙuri'a.

"Masu goyon bayan tafiyar magatakarda."

Ya Fanne ta ɗaga hannu. Babakura ya ɗaga. Na ga Ya Abatcha ya saki numfashi, ya riga ya shirya fuskar wanda aka fi ƙarfinsa, yana jiran hannuna da na Bubayaro su tashi ya ce to, majalisa ta yanke. Na naɗe hannuwana cikin mayafi. Bubayaro ya ɗaga kai yana kallon rufin rumfa kamar yau ya fara ganinsa.

"Masu adawa," ya faɗa a hankali.

Na ɗaga hannuna har sama. Bubayaro ya ɗaga sandarsa.

"Hawwa! Ke da kika hana ni barci kan maganar nan?"

"Na canja ra'ayi, ranka ya daɗe. Biyu da biyu ke nan. Majalisa tana sauraron shugaba."

Ya dube ni kamar zai cinye ni ɗanye. Ya dubi amininsa, aminin ya ƙi haɗa ido da shi. Ya cire hula ya mayar. Na tuna hulunan nan biyu na yarinta, amma wannan karon na rantse ba zan kifa masa komai a ka ba.

Da ya yi magana, muryar ofis ta tafi.

"Ku ba ku san wurin nan ba," ya ce. "Ni na tsaya a bayan ƙofa ana kiran sunayen 'ya'yan mutane. Wannan a kore shi, wannan ya maimaita. Kafin mutum ya kurɓi shayi sau biyu an gama da yaro, uwarsa tana can ƙauye ba ta sani ba. In aka kira sunanta, wa zai tsaya mata?" Sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Kuma wa zai ɗiga min maganin ido da safe? Gidan zai yi min faɗi."

Ni da na zo da shirin tsiya, sai ga hawaye yana bin kumatuna. Mairam ta sauko daga kujerarta ta durƙusa gabansa.

"Baba, in ka ce in zauna, zan zauna. Wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ya daɗe yana kallonta. Hannunsa ya taso daga kan gwiwa, na ɗauka sama zai kai shi kamar yadda ake ƙuri'a. Sai ya ɗora shi a kanta.

"Je ki," ya ce. "Ni na ce. Ba majalisa ba, ni. Allah Ya yi miki albarka."

Bubayaro ya share ido da bakin rawani ya ce ƙura ce. Dillalan suka yi ta amin, wanda ya saki cinikin bijimi ya koma ya tarar an sayar wa wani.

Ya Abatcha da kansa ya raka ta tasha ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya yi wa direba tambayoyi har sai da fasinjoji suka fara tsaki. Ni kuwa an miƙa ni kwamitin ladabtarwa bisa laifin haɗa baki da wakilin waje, ina bayan akuya a layi. Maganin idon ma ni ya dawo wa, kullum da safe sai ya ce hannuna ya cika nauyi.

Bayan tafiyarta ya kira taro sau ɗaya, ranar Lahadi, kan maganar kwanon nan dai. Duk muka hallara a zaure, mu biyar cif, ba wanda ya makara. Ya Fanne ta zuba shayi. Ya duba dama, ya duba hagu, idonsa ya tsaya kan 'yar kujerar da ke gefensa.

"Taro bai cika ba," ya ce. "An ɗage sai an yi hutu."

Babu wanda ya yi masa gardama, har ni.