Rakiyar Isiyaku Lamba Tara Zuwa Babura

Kazaure

Muna idar da sallar asuba muka taru a tasha. A shekarun nan ne kuɗin mai ya fara shigowa, har ƙungiyar ƙwallon garinmu ta samu sababbin riguna. Sai dai wasa bayan wasa ba ma zura ƙwallo a raga. A wannan ranar, Babura za mu je buga wasa. 'Yan wasa suka yi gaba a Landiroba, mu magoya baya, har da na Roni da Gwiwa, muka cika bayan akori-kurar Bala direba.

Ba mu bar duwatsun Kazaure ba aka fara musu a kan Isiyaku, ɗan wasanmu na gaba mai lamba tara.

Sani Tela, wanda ya ɗinka rigunan, ya ce, "Son kai ne da shi. Ƙwallo ta shiga ƙafarsa, shi ke nan, sai an ƙwace."

Malam Hadi, malamin firamare daga Roni, ya ce, "Haba Sani! Wa yake ba shi? Shi kaɗai ake bari a gaba, mutum uku na tsare da shi."

Achilafiya

Nan muka tsaya shan koko da ƙosai. Wani dattijon Bafulatani mai malafa ya roƙi Bala ya rage masa hanya. Muka matsa masa, ya zauna kusa da Sani, musu ya ci gaba a kansa. Sani har yana rantsuwa cewa in shi ne koci, yau Isiyaku a benci zai wuni.

Kanya Babba

A shingen 'yan sanda, ana duba takardun mota, dattijon ya yi gyaran murya.

"Isiyakun da kuke faɗa, ɗana ne."

Ya ce bai taɓa ganin ƙwallo ba. Shanu sun yi masa yawa, ƙarfinsa ya ragu, shi ya sa ya taso ya ga da idonsa abin da ya raba ɗansa da kiwo. "Tunda kun ce ba ya amfanar ku, yau zan koma da shi ruga."

Sani ya zabura. "A'a, Baffa, Allah ya ba ka haƙuri! Surutun mota ne. Wallahi duk ƙasar nan babu mai gudunsa."

"Ba kai ka ce a ajiye shi ba?"

"Ni ne, Baffa. Amma in ya tafi mun mutu."

Daga nan har Babura Sani bai rufe baki ba, yana zayyana kirkin Isiyaku. Malam Hadi sai dariya yake yi cikin hannun riga.

Babura

Masu masaukinmu suka tare mu da fura mai sanyi. Bayan la'asar aka take wasa a filin makaranta, kuma kafin hutu suka ci mu ɗaya. Baffa na tsaye bakin layi, ya dogara da sandarsa.

Ana gab da tashi, ƙwallo ta zo wa Isiyaku. 'Yan baya uku suka yo kansa. Muna ta ihu ya buga, sai ya tura wa Garba, lamba bakwai, wanda aka bari shi kaɗai. Garba ya narka ta a raga. Aka tashi kunnen doki.

Isiyaku ya hango mahaifinsa, ya rugo ya durƙusa yana haki. Baffa ya daɗe yana kallon jama'ar da ke kiran sunan ɗansa, sannan ya ce, "Da rani ka yi wasanka. Damina ta faɗi, ina neman ka."

Komawa gida

Mun kwana a Babura, da hantsi muka juyo. Baffa ya sauka a Achilafiya, Sani da kansa ya riƙe masa sanda har ya dira. Mota na tashi Sani ya ce ai shawararsa Isiyaku ya bi. Malam Hadi ya ce ƙarya yake, aka koma musu sabo.

Kafin azahar muka shiga Kazaure lafiya. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga mutanen Babura da suka karrama baƙi, da Baffa da ya bar mana ɗansa.