Lambar da Kyaftin Nafi'u Ya Manta

Wata rana da hantsi, wani ƙaramin jirgin sama ya taso daga can cikin sahara ya nufo birni. Matuƙi ɗaya ne, Kyaftin Nafi'u, sai 'yan fasinjoji a baya.

A kujerar da ke kusa da shi ya zaunar da Kawu Ilu, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana ɗan mitsitsi. Asibitin ido zai kai shi. Tsohon bai taɓa shiga jirgi ba.

A gaban matuƙi akwai wata 'yar na'ura mai lambobi huɗu. Ita ke sanar da ma'aikatan hasumiya, masu lura da jirage ta rada, wato na'urar hango su daga nesa, ko wane jirgi ne ke tafe.

Idan jirgi ya shiga inda rada ba ta kaiwa, kuma ba a ba shi wata lamba ba, sai matuƙi ya sa 2000, ya ƙyale ta haka.

Nafi'u gwani ne, ba mai ja. Amma akwai son a sani.

Kawu ya nuna na'urar da haɓa, ya tambayi amfaninta. Kan Nafi'u ya fasu. Ya ce ai da ita ake kai ƙara ba tare da an buɗe baki ba. Idan 'yan fashi suka ƙwace jirgi, 7500 kawai matuƙi zai murɗa, na ƙasa su gane.

Bai tsaya a faɗa ba. Ya murɗa ya nuna masa.

Ai nan sahara ce, in ji shi a ransa. Babu idon da ke ganinsu.

Kafin ya mayar da lambar, hadari ya tare musu hanya. Jirgi ya riƙa tangaɗi kamar tsohuwar mota a kan gargada, fasinjoji na ta salati. Nafi'u ya yi ta fama har suka fita, ya share gumi, ya yi hamdala.

Lamba kuwa tana nan inda ya bar ta.

A haka suka shigo inda rada ke gani.

Muryar wata ma'aikaciyar hasumiya ta shigo ta rediyo, a natse, natsuwar da ta fi ihu ban tsoro.

"Kyaftin, ka tabbatar mana. Lambarka bakwai, biyar, sifili, sifili ce?"

Ya kai ido kan na'urar. Ga 7500 nan ɓaro-ɓaro.

"Kuskure ne! Wallahi kuskure ne, ba wanda ya ƙwace mu!"

"Mun ji. Kada ka sauya hanya sai an ce maka."

Nan take ya gane ba a yarda da shi ba. Kuma da gaskiyarsu. Wanda aka ɗora wa bindiga a ƙeya ma abin da zai faɗa ke nan.

Ba a jima ba jirgin yaƙi ya jero da su, kusa ƙwarai, har Nafi'u na ganin kan matuƙin yana leƙo su.

Me zai gani? Wani mutum a gaban jirgi, ba kayan aiki, ya rufe rabin fuska da rawani.

Kawu kuwa, bawan Allah, sai ɗaga masa hannu yake yi yana murna.

Nafi'u bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ba aikinsa yake tunani ba. Tsohon nan yake tunani.

Aka sauke su can ƙarshen filin jirgi, nesa da kowa. Sojoji suka kewaye jirgin. Ta lasifika aka ce kowa ya fito hannu a sama, mai rawanin nan shi ne na farko.

Kawu ba ya ji sosai. Ya sauko yana lalube, ya ga dishi-dishin mutane, ya sa hannu a aljihu zai ciro carbinsa.

Bindigogi suka ɗago gaba ɗaya.

Nafi'u ya ƙwalla ihu har muryarsa ta tsage: "Kawu, kwanta! Don Allah kwanta!"

Allah Ya kiyaye, ba wanda ya harba.

Aka kwantar da dattijon rubda ciki a kan kwalta mai zafi, rawaninsa ya warware, takalmin soja a gefen kansa. Aka kwantar da Nafi'u kusa da shi.

Tsohon ya juyo da fuska.

"Nafi'u, me na taɓa? Wallahi tun da muka taso hannuna na kan cinyata."

Nafi'u ya kifa goshi a kwalta, ya fashe da kuka.

Darasi: Ka kiyayi abin da kake yi a inda kake ganin ba mai ganinka. Zai biyo ka har cikin mutane, a lokacin da rantsuwarka ba za ta yi aiki ba. Kuma sau da yawa ba kai zai fara kayarwa ba, sai wanda ya yarda da kai ya zauna kusa da kai.

Idan akwai wanda ransa ko mutuncinsa ke hannunka, tura masa wannan. Ka kuma tura wa mai son burgewa da ka sani, tun bai murɗa tasa ba.